Ranar Da Na Ɗaga Wa Surukata Murya



Shekara goma sha uku ke nan da aka kawo ni gidan mijina a Ƙanƙara, kuma a tsawon wannan zama sau ɗaya tak na taɓa ɗaga wa surukata murya. Har gobe ina jin nauyin abin, amma da za a maimaita wannan safiya, to zan sake ɗagawa. Na ga ya dace in ba ku labarin domin abin da ya jawo haka yana nan a ɗakin girkin da yawa daga cikinmu, an jingine shi a lungu, wata ma har ta ɗinka masa riga mai leshi. Ina nufin tukunyar gas.

Ni mutuniyar Faskari ce, a gaban murhun icce da kara na tashi. Ko da na tafi kwalejin horon malamai, risho ne iyakar wayewata. A wancan lokaci icce ba abin damuwa ba ne a yankinmu, tunda dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari suna kusa, kullum ga masu jakuna da amalanke suna shigowa da shi. Sai matsalar 'yan bindiga ta zo ta raba mutane da daji. Babu uwa a Ƙanƙara da za ta manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin nan. A shekarar 2021 kuma gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta fitar da dokar tsaro wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana manyan motoci ɗauko icce daga daji. Nan da nan icce ya yi tsada, gawayi ya bi sahu, kananzir kuwa dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka. A wannan shekara ce Malam, maigidana, ya shigo mini da tukunyar gas mai cin kilo 12.5 da murhu mai kai biyu, ya ce ya same su da araha a hannun wani da zai bar gari.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a tsakar gida tana taɗi lokacin da aka shigo da kayan. Ta dubi tukunyar sama da ƙasa ta ce, "Yanzu wannan bam ɗin za ku ajiye mana a gida? Ni dai ba da ni ba." Muka yi dariya, muka ɗauka tsoron tsofaffi ne kawai. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na ji daɗin gas ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ina koyarwa a Islamiyya da safe, da yamma kuma ina da ajin matan aure, saboda haka duk mintin da na rage a girki riba ce gare ni. Cikin ɗan lokaci na gama abin kari, tukwanena suka daina baƙi, mayafina ya daina ƙaurin hayaƙi. Sai dai fiye da shekara ina amfani da shi ban taɓa leƙa bayan murhun ba. Tiyon da ya zo da shi, shi nake ta amfani da shi. Da dare nakan murɗe makunnin murhu kawai in tafi in kwanta, in bar na kan tukunyar a buɗe. Da hunturu ya shigo kuwa, sai na sa yara suka toshe tagar kicin da kwali da buhu saboda ƙura.

Ranar da abin ya faru, wata Talata ce cikin tsananin sanyi. Na idar da sallar asuba ina zaune a kan darduma, mura ta toshe mini hanci, sai na aiki 'yar farina ta ɗora ruwan koko. Ba ta jima ba ta dawo da kwalin ashana a hannunta tana girgiza shi.

"Umma, ashana ta ƙare. Kuma kicin ɗin wari yake yi, kamar ƙwai ya ruɓe, ko kuma ɓera ne ya mutu."

"Kin kunna fitila?"

"Na danna, babu wuta."

Gabana ya faɗi. Na tashi da gudu ko takalmi babu. Daga bakin ƙofa ban ji komai ba saboda mura, amma da na sunkuya sai warin ya bugi maƙogwarona, ina kuma jin wani ɗan sauti siririn gaske daga bayan murhu. Na miƙa hannu na kashe makunnin kan tukunyar, na wangale ƙofa, na fizge kwalin da ke taga. Ina juyowa sai na hangi Inna a gaban murhunta na tsakar gida, wanda bai fi taku huɗu daga ƙofar kicin ba. Ta riga ta jera kara domin jin ɗumi kamar yadda ta saba kowace safiyar hunturu, ashanarta tana hannu, ta zaro tsinke ɗaya.

"Inna! Ku tsaya! Kada ku ƙyasta!"

Yadda muryata ta fita, har Malam da ke dawowa daga masallaci ya jiyo daga zaure. Inna ta saki ashanar ta faɗi ƙasa, ta tsaya tana kallona baki buɗe. Na kama hannunta da na yara muka fita zaure, na kuma aika aka gaya wa maƙwabciyata ta jinkirta hura wuta, tunda katanga ɗaya ce tsakanin madafinta da nawa. Mun fi awa ɗaya muna karkarwa cikin sanyi kafin warin ya baje. Da Malam ya janye murhun, sai ga tiyo ɓera ya gaigaye shi, ya yi huda kamar ƙwayar wake. Tun dare gas ke fita a ɗakin da na toshe da hannuna.

Da rana na je na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙuri. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma ta yanke hukunci, tukunya ta bar gidan. Ban yi musu ba, domin ni kaina ko kallonta ba na son yi. Dare da yawa na kasa barci ina tuna cewa da a ce tsinken ashana ɗaya ya rage a kwalin nan, ko da a ce akwai wutar lantarki lokacin da yarinyar ta danna maɓalli, da yanzu wani labarin ake yi. Mata suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma ni na san inda sakacina yake, kuma na san amanar yaran nan a wuyana take.

Wata biyu na yi ina girki da icce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a cikin wata biyun nan na ga abin da na manta. Idanuna suka koma ja, autana da nake goyo a gaban murhu ya kama tari, kullum a makare nake isa makaranta, kuɗin icce kuma ya fi na gas. Hayaƙin nan da muka raina yana kisa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga girki da icce da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙar ta. Sai na ce wa kaina, ni da nake gaya wa ɗalibai kullum cewa maganin jahilci tambaya, me ya hana ni tambaya a kan abin da nake kwana da shi a gida?

Malam ya nemo wani dattijo mai gyaran murhun gas daga Funtuwa. Ya zauna a zaure aka fito masa da kayan, ni kuma ina daga bayan ƙofa da littafina da biro kamar sabuwar ɗaliba. Ya ɗaga tiyon ya girgiza kai.

"Malama, wannan ai tiyon ruwa ne. Na gas daban yake, yana da kauri, akwai zare saƙe a cikinsa. Dubi kuma da abin da aka ɗaure bakinsa, robar tayar keke. Ƙarfen matsewa ake sa wa, a ɗaure da sukurudireba."

Ya kifa idonsa a gindin tukunyar, ya ƙwanƙwasa, tsatsa ta zubo. Ya nuna wa Malam shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, ashe ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta ƙayyade shekara 15 a matsayin iyakar rayuwar tukunyar gas, kuma ana so a riƙa gwada lafiyarta duk bayan shekara biyar. Araha dai ba ta ado. Muka sayi sabuwa, da sabon tiyo, da sabon makunnin kai wanda masu sana'ar ke kira rigileta.

Abin da na koya daga gare shi, da wanda na tuno daga darasin kimiyya na kwaleji, shi ne nake so in raba da ku.

Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne da aka matse. Lita ɗaya ta ruwan nan idan ta fita takan zama iska kimanin lita 250, kuma da zarar ta kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu da kwata. Shi ya sa ban ji warinsa ba sai da na sunkuya, shi ya sa kuma murhun Inna da ke waje ya zama haɗari. Yaro mai rarrafe da mai barci a kan tabarma su ne a bakinsa.

Asalinsa ma ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a gane yana yoyo. A shekarar 1937, a wani gari mai suna New London a jihar Texas ta Amurka, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta, ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Bayan nan ne aka kafa dokar sa wa gas wari a jihar, wasu wurare suka bi. A matsayina na malama, wannan labari ya taɓa ni. Saboda haka 'yar uwa, idan kin ji warin nan, kada ki tsaya neman mushen ɓera. Kashe makunnin kan tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa maɓallin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa ya tayar da wuta. Kada ki kunna fanka wai don ta kore warin. In za ki kira wani a waya, sai kin fita waje.

Hanyar gane yoyo kuwa tana cikin kwandon wanke-wankenki. Ki kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ki shafa da soso a kan bakin tukunya, da mahaɗin tiyo na sama da na ƙasa, da jikin tiyon gaba ɗaya, alhali makunnin kai yana buɗe, na murhu yana rufe. Inda duk kika ga kumfa tana hurowa tana girma, nan ne ɓarakar. Na sha jin ana cewa wasu da ashana suke gwadawa. Wannan ganganci ne tsantsa. Ni yanzu duk ranar da aka sako gas sai an yi gwajin sabulu kafin a ɗora tukunya. Akwai wata 'yar baƙar roba kamar zobe a cikin bakin tukunyar, idan ta cinye ko ta faɗi, gas zai riƙa fita ta nan. Tiyo kuma ki riƙa lanƙwasa shi kina dubawa, da kin ga ya bushe ko ya fara tsagewa ki canza, kada ki naɗe shi da leda ko salatif. Ki share bayan murhu kullum, domin ɓurɓushin abinci ne ke gayyato ɓera.

Wutar murhu ma tana magana ga mai lura. Shuɗiya ita ce lafiyayya. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, to ƙofofin kan murhun sun toshe da miya ko kunun da ya zuba. Ki bari ya huce, ki cire kan, ki wanke, ki sakace hudojin da siririyar waya, ki bari ya bushe sarai kafin ki mayar. Wajen kunnawa kuwa, ashana ake fara ƙyastawa sannan a murɗa gas. Mata da yawa sun rasa gira saboda sun buɗe gas sun tafi neman ashana. Ki kula da bakin hijabi da gyale, musamman masu santsin nan da wuta ke narkarwa su manne a fata.

Ita tukunyar a tsaye take zama ko yaushe, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhun icce da kurfoti. Mu yanzu a waje take, an huda bango an zuro tiyo, an yi mata 'yar rumfa. Idan za a kai ta sayen gas a kan babur, a riƙe ta a tsaye. Sannan ki ja kunnen ɗan aike, mu mata mun saba neman gyara a kasuwa, amma ban da wajen mai gas. Da gangan ake barin sarari a saman tukunya, wajen kashi ɗaya cikin biyar, domin ruwan gas yana kumbura da zafi, zafin bazarar Katsina kuwa kun san shi. A sayi gas a inda ake aunawa da sikeli, a fili. A ranar 4 ga Janairu 2020 wani shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane suka rasu, ciki har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam. In kin ga gemun ɗan uwanki ya kama wuta, shafa wa naki ruwa. Kada a tura ƙananan yara su tsaya a irin waɗannan shaguna.

Akwai kuma wani haɗarin da ba shi da wari ko kaɗan, shi ma na gan shi da idona. Bara waccan na je Sabuwa wajen ƙanwata da ta haihu cikin hunturu. Na tarar an rufe ɗakin mai jego ruf, an sa labule mai kauri, ga kaskon garwashi a gefen gado. Ta ce mini kwana biyu ke nan kanta na sarawa, tana jin jiri da tashin zuciya, jaririn ma ba ya kama nono sosai, sai barci. Masu zaman jego har sun fara zancen iska da sammu, an aika neman hayaƙi a ƙara a kan garwashin. Ban yi minti ashirin a ɗakin ba nawa kan ya fara ciwo. Na roƙi gwaggonmu aka fitar da kaskon, aka buɗe taga, muka fito da su iska, sannan aka kai su asibiti. Alhamdu lillahi, dukansu suka warware.

Duk abin da ke ci da wuta a rufaffen ɗaki, gawayi ne, risho ne, janareta ne, ko murhun gas, yana iya fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai mutum ya ji kasala da barci, daga nan in ba a farga ba shi ke nan. Na san akwai masu kunna ƙaramin gas mai kilo 3 ko 6 a cikin ɗaki don ɗumi, ko su yi girki a ɗakin kwana da ƙofa a rufe. Don Allah a daina. A ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da wutar kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Idan kuma tsautsayin ƙuna ya auku, ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi za a riƙa kwararawa a wurin har kimanin minti 20, a cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko baƙin mai. Idan man suya ne ya kama wuta, kashe gas ki rufe kaskon da murfi. Ruwa a kan mai mai ci watsa wutar yake yi.

Saura labarin Inna. Da sabuwar tukunya ta iso, ni ban ce komai ba, Malam ma ya rasa ta inda zai fara. Sai na ɗauko ruwan sabulu na yi gwajin a gabanta, na nuna mata makunnin kai, yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa. Na tuna mata abin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Na ce mata laifina ne da na bar wannan umarni, na ɗauka murɗe murhu kawai ya wadatar. Ta yi shiru, can ta ce, "Mu ma a zamaninmu ba a kwana sai an bi murhu an yayyafa ruwa. To, a bar ta. Amma ni zan riƙa dubawa."

Ta kuwa cika alkawari. Yau shekara ta kusa uku, kowane dare bayan sallar isha'i sai na ji takun sandarta ta nufi rumfar tukunya, ta lalubi makunnin da hannunta, sannan ta ɗaga murya ta ce, "An kashe, ku kwanta." 'Yar farina kuwa ita ce mai gwajin sabulu a gidan, har ƙannenta take koya wa. A ajin matan aure na ware rana guda a farkon kowane hunturu, nakan zo da tiyon nan da ɓera ya huda, in miƙa shi ya zagaya hannu zuwa hannu. Ranar farko da na yi haka, mata bakwai ne suka ce su ma ba su taɓa kashe makunnin kan tukunya da dare ba.

'Yar uwa, kafin ki kwanta yau ki je ki duba naki. Gobe da safe kuma ki kaɗa ruwan sabulu. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwanmu, amin.